Yadda ake haɗa waƙar hip hop ta hana faɗan daba, daga takarda zuwa wayar mai sauraro

Yawancin waƙoƙin zaman lafiya da matasa ke fitarwa ta ɗayan hanya biyu suke mutuwa. Ko dai mawaƙin ya ɗau wa'azi da kalmomin da kowa ya haddace tun yana firamare, yaron da ake so ya ji ya danna gaba tun ba a kai amshi ba. Ko kuma ya kwatanta faɗan da zaƙin baki, ya jera sunayen makamai, kiɗa na zuga shi, har waƙar ta koma taken fita ga mutanen da aka yi ta don a dakatar da su. Na biyun ya fi muni, kuma ya fi saurin faruwa ba tare da mawaƙin ya ankara ba.

Wannan jagora ta mawaƙin da ba kamfani a bayansa ce, wanda da kuɗin aljihunsa zai biya furodusa, shi zai raba waƙar, shi kuma zai ci gaba da bin lungun da yake waƙa a kansa bayan ta fita. Ma'auni ɗaya ne a kowane mataki: shin yaron da ke riƙe da wuƙa zai ji kalmomin sarai a lasifikar wayarsa, ya kuma ji cewa da shi ake, ba zaginsa ake ba?

Wane rikici, kuma da wa kake magana

"Tashin hankali" kalma ce mai faɗi, ba a yi mata waƙa ta kama. Faɗan daba tsakanin unguwanni a Kano daban yake da sara-suka a Bauchi da Jos, daban da kalare a Gombe, daban da gungun matasan da ake kira palais a Damagaram. Ƙwacen waya daban, bangar siyasa daban, ramuwar gayya bayan an kashe aboki ita ma daban. Zaɓi guda ɗaya, wanda ka san warinsa. Idan ka ce sai ka haɗa daba da ƙwaya da garkuwa da mutane da rikicin addini a minti uku, ba wanda zai ga kansa a ciki.

Bayan haka ka zaɓi bakin da zai yi maganar. Huɗu ne suka fi aiki: aboki da ke magana da abokinsa a daren da za a fita ramuwa, wanda ya tuba yana ba da labarin abin da ya rasa, ƙani ko uwa da aka bari a gida, ko kuma mamacin kansa. Bakin aboki ya fi sauƙin riƙewa ga mai farawa, domin yana ba ka damar cewa "kai" da "mu" ba tare da ɗaga kai ba. Bakin mamaci yana da ƙarfi, amma yana saurin zamewa ya koma yabon gwarzo, kuma daga yabon gawa zuwa kiran ramuwa taku ɗaya ne.

Kafin ka rubuta ko ɗango ɗaya, ka zauna da mutum uku ko huɗu da abin ya taɓa: wanda ya bar daba, ɗan sintirin unguwa, ma'aikacin jinya da ya saba ɗinkin sara, uwar da ke kai abinci gidan yari. Abin da kake nema ƙananan abubuwa ne, irin takalmi ƙafa ɗaya da aka tsinta a kwata, ko wayar da ke ta ƙara a aljihun wanda ba zai ɗauka ba. Ka gaya musu waƙa za ka yi, ka canja duk abin da zai sa a gane su.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba sunan unguwa, ba sunan daba, ba laƙabin kowa, ba jam'iyya. Ko da yabo ka ambaci unguwa ɗaya, ɗaya ɓangaren zai ɗauka ka zaɓi gefe. Habaici da gugar zana gishirin rap ne, amma a wannan waƙar guba ne.

Kiɗan

Saurin kiɗa shi ne shawarar farko. Bugu 84 zuwa 94 a minti ya fi dacewa da waƙar labari, domin yana bar wa kalma wurin zama. Salon tiraf da diril, masu tafiya wajen bugu 140, su ne kunnen yara ya saba da su yanzu, kuma ana iya amfani da su, sai dai a san cewa duhun sautinsu da zamiyar bes ɗin 808, wato sautin nan mai kauri na ƙasa-ƙasa, suna ɗauke da barazana tun kafin ka buɗe baki. Idan ka zaɓe su, ka sa wani abu mai taushi a sama, kamar sarewa ko gurmi ko fiyano, ka kuma rage yawan kalmomi.

Kayan kiɗan gida suna ba waƙa asali, amma kowannensu da abin da yake faɗa. Kiɗan tauri da na farauta an gina su ne don su motsa jini, mai ji ya tsuma. Ɗora saƙon "ajiye makami" a kansu kamar zuba fetur ne kana kiran a kawo ruwa. Kalangu da aka buga a hankali, ko kuntigi, ko goge mai jan sauti, sun fi kai mutum ga tunani. Kada a sa ƙarar bindiga ko ta wasa wuƙa a matsayin ado; yara za su yanke daidai wannan wurin su ɗora a bidiyonsu.

Wajen mallakar kiɗan, hanya uku ce. Furodusa ya haɗa maka naka daga tushe, wanda shi ya fi. Ko ka yi hayar bit, wato kiɗan da aka riga aka haɗa, daga intanet, inda wasu ma za su iya hawa kansa, kuma takardar hayar kan iyakance yawan saurare ko ta hana ka yi masa rajistar Content ID, wato tsarin YouTube na gane mai haƙƙin sauti. Ko ka saye shi gaba ɗaya. Bit ɗin da aka rubuta "kyauta" a YouTube yawanci kyautar ta tsaya ne ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba; ranar da ka ɗora a manhajojin saurare, mai shi na iya sa a sauke waƙar. Haka yankar sautin tsofaffin makaɗanmu daga kaset ba izini: suna da magada, kuma haƙƙinsu bai mutu da su ba. Ya fi sauƙi ka kira makaɗi ka biya shi ya buga maka sabo na minti goma.

Duk hanyar da ka bi, ka karɓi kiɗan a fayil ɗin WAV, wanda ba a matse sautinsa ba, kuma in da hali a rarrabe: ganguna daban, bes daban, sauran kaya daban. Ka tambayi saurinsa da makullin sautinsa, wato "key" ɗinsa, ka rubuta.

Rubutun, inda aikin yake

A rap, layi ɗaya shi ne ƙirga huɗu na kiɗa. A bugu 90 a minti, layi yana cin daƙiƙa 2.7, baiti mai layi 16 ya ci kusan daƙiƙa 43, amshi mai layi 8 ya ci 21. Tsarin da ya isa shi ne buɗewa layi 4, baiti 16, amshi 8, baiti 16, amshi 8, rufewa 4. Jimla layi 56, wato kusan minti biyu da rabi. Baiti na uku sai in labarin ne ya nema. A buɗewar ma gara a ji guntun amshin, maimakon daƙiƙa goma na kiran sunanka da na situdiyo.

Kowane layi yana da gurbi 16 na gajerun gaɓoɓi. Kada ka cika su. Gaɓa 11 zuwa 14 ta isa, sauran na numfashi ne. Hausa tana da doguwar gaɓa da gajeriya, kuma doguwar gurbi biyu take nema. Wanda ya ƙirga gaɓoɓi da yatsa kawai bai lura da nauyinsu ba zai ga layi ya yi daidai a takarda amma yana tuntuɓe a baki.

Karin sauti da tsawon wasali su ne tarkon da mai kwaikwayon salon Amurka ke faɗawa. Duba kalmar da za ka fi amfani da ita a wannan waƙar: faɗa na rikici, faɗa na furta magana, da faɗa na afkawa rami. Rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. Idan kiɗa ya sa ka ja gaɓar farko ta faɗan rikici, ka koma maganar faɗawa rijiya. Saboda haka ka fara karanta kowane layi da muryar hira, kamar kana gaya wa wani a bakin shago, sannan ka nemi inda zai zauna a kan kiɗan. Idan sai an lanƙwasa kalma ta shiga, layin za a canja, ba kalmar ba.

Amsa-amo mai arha shi ne rufe kowane layi da "ba", ko "ne", ko "-wa". Hausa cike take da su, shi ya sa ba sa burge kowa. Nemi wanda ya kama gaɓa biyu, ko aƙalla baƙi da wasalinsa a kalmomi masu nauyi, ka riƙa canja shi bayan layi biyu ko huɗu. Ga misalin bakin aboki yana magana da ɗan bangar siyasa:

Tuwonka ya huce, Inna na bakin ƙofa
Wanda ya ba ka wuƙar yana kan katifa
'Ya'yansa na karatu, kai kana kwana a kango
Abin da ya bar maka, hotonsa a bango

Ba inda aka ce "faɗa ba kyau". Tuwo, ƙofa, katifa, kango, fasta a bango: abubuwa ne da ake gani da ido, mai sauraro ne zai haɗa lissafin da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a ransa. An ambaci wuƙa sau ɗaya, da sunanta na kowa da kowa. Da an shiga jera ɗanbida da gariyo da barandami, da an koma kirari.

Baiti na farko ya tsaya a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali daren da ake shirin fita. Na biyu ya nuna abin da ya biyo baya ko abin da zai biyo: asibiti, caji ofis, zaman makoki, uwar ɗaya yaron wadda ita ma tuwo ta ajiye. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Muddin waƙar ba ta mai da abokin gaba mutum mai uwa da ƙanne ba, ba ta taɓa tushen ramuwa ba.

Layi huɗu na ƙarshen baiti na biyu su ba da ƙofar fita ta gaske. Yaron da ke cikin daba ba rashin sanin illa ke riƙe da shi ba. Tsoron a kira shi matsoraci ne, da tsoron abokan gaba su same shi shi kaɗai, da rashin abin yi da safe. Waƙar da ta ce masa "ka daina" ta tsaya nan ba ta ba shi komai ba. Nuna masa cewa juya baya ma jarumta ce, ka ambaci abin da ake yi a zahiri: zuwa wurin mai unguwa ko limami a shiga tsakani, komawa garejin oga, barin gari na wata biyu wurin dangi. Maganar ƙwaya ta shigo a layi ɗaya ko biyu a matsayin abin da ke cire tausayi kafin fita, ba a jera sunayenta kamar talla ba.

Amshi kuwa gajere, kalma shida zuwa goma da ake maimaitawa, wanda yaro ɗan shekara goma zai kama a ji na biyu. Tsarin kira da amsawa irin na 'yan amshin makaɗanmu ya fi komai aiki: kai ka ce "Gida ake jiran ka", murya huɗu su amsa "Ajiye ta". Gwada amshin shi kaɗai, ba baiti. Idan za a iya rera shi ana tafiya faɗa ya yi daidai, sake shi.

A kan aya ko hadisi: kada a ɗora lafazinsu a kan kiɗa. Jama'a da yawa za su ƙi waƙar saboda wannan kaɗai, kuma suna da hujja. Ma'anar girman ran ɗan Adam za ta shiga da kalmominka. Idan garinku na Musulmi da Kirista ne kamar Jos ko Kaduna, layi kaɗan na Turancin Buroka ba laifi ba ne, in dai ba a amshi ba.

Akwai dabarar da ta samo asali a Amurka. A 1987 aka harbe DJ Scott La Rock a unguwar Bronx ta birnin New York, bayan ya je sasanta wata rigima. Abokin waƙarsa KRS-One ya jagoranci tafiyar Stop the Violence, wadda ta tara manyan mawaƙan rap a waƙa ɗaya da ta fita a 1989, aka ba ƙungiyar National Urban League mai kare haƙƙin baƙar fata kuɗin da ta samar. Abin ɗauka a nan shi ne tara muryoyi. Idan za ka iya samun mawaƙi daga unguwar da ba ta ga maciji da taku, ku raba baitocin, takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Ganinku tare ya fi duk abin da za ku faɗa. Sharaɗi: kowa ya kawo baitinsa a rubuce a karanta tare kafin ranar ɗauka, don kada wani ya soko habaici a gaban makirufo.

Kafin ka kashe ko sisi a situdiyo, ɗauki waƙar da waya a kan kiɗan, ka kunna wa mutum biyar da ba mawaƙa ba, ciki har da wanda ya san daba daga ciki. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi. Ka ce su faɗa maka labarin da suka ji, da layin da suka riƙe. Sannan ka haddace ta tsaf. Mai karantawa daga waya ana jin sa a murya.

Ranar ɗaukar murya

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Makirufo mai tsada a ɗakin siminti da fanka na juyawa zai ba ka sautin banɗaki. Idan a gida za a yi, a jingina katifa a bango bayan mawaƙin, a rataya bargo mai kauri a gefe biyu, a shimfiɗa darduma ko kafet, a kauce wa tsakiyar ɗaki da kusurwa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kusan ba ya tsinana komai. A kashe fanka da firji. Janareta a kai shi nesa, in kuwa akwai inbata ko cajin laftof ya isa, a kashe shi gaba ɗaya lokacin ɗauka. Wani gurnani na ƙasa-ƙasa da ake ji a layi yawanci daga wutar 50 Hz yake, kuma sau da yawa cire cajar laftof na kawar da shi. A lura da lokutan kiran salla da hayaniyar 'yan makaranta, a tsara zaman a tsakaninsu.

Makirufo iri biyu ne. Kondensa, irin AT2020, yana kama komai dalla-dalla, har kukan akuyar maƙwabta, kuma sai an kunna masa wutar 48V daga akwatin sauti da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Dainamik, irin SM58, ya fi yafiya a ɗakin da ba a gyara ba. A sa rariyar iska a gabansa, baki ya yi nisan taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20 ga kondensa, kusa da haka ga dainamik. A ɗan karkatar da makirufon gefe kaɗan don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. Mai ɗauka da waya a manhajar BandLab ya yi amfani da abin kunne mai waya, domin na bulutut yana jinkiri, sai muryar ta riƙa zuwa bayan kiɗa.

A manhajar ɗauka irin FL Studio ko Cubase ko Reaper, a saita 24 bit da 44.1 ko 48 kHz. A daidaita ƙarfin shiga yadda mafi ƙarar wuri zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Idan ya taɓa ja, muryar ta fashe, kuma ba gyaran da zai dawo da ita. A rage bafa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti a manhajar, zuwa 128 ko 256 don mawaƙi ya ji kansa ba jinkiri. Hedfon ya zama rufaffe, kada kiɗa ya zubo cikin makirufo.

A ɗauki babbar murya sau uku zuwa biyar cikakku, a zaɓi mafi kyau, a cike gurbi daga sauran. Ɗauka layi bibbiyu ana mannawa tana kashe labari, domin numfashi da tashin zuciya ba sa haɗuwa. Rakiyar murya a ƙarshen layuka kawai, ba duka baitin ba. Amshi a ninka shi: ɗaya a tsakiya, biyu hagu da dama, sannan a tara mutum huɗu ko biyar su tsaya nisan mita ɗaya su yi amsawar tare sau biyu. Muryar mace ko ta yara a amsawar tana juya ma'anar waƙar gaba ɗaya zuwa gida.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ihu. Mawaƙi ya saba cewa rap ƙarfi ne, sai ya yi baitin uwa mai jiran ɗanta da muryar da zai yi zambo. Sauke murya. Yi kamar mutumin yana zaune kusa da kai a kan benci. Ka ajiye ɗaga muryar ga layi biyu ko uku da suka cancanta.

Miksin, wato daidaita murya da kiɗa: a ji kowace kalma

Mafi yawan masu sauraronka a lasifikar waya ko ƙaramar MP za su ji ta, cikin hayaniya. Don haka murya ce sarki. A yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a muryar (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne). Idan ta yi kamar daga cikin kwali take fitowa, a rage desibel 2 ko 3 a tsakanin 250 da 400 Hz. A ɗan ɗaga wajen 3 zuwa 5 kHz don baƙaƙe su fito, a kuma rage kiɗan kaɗan a daidai wannan wurin, in an karɓe shi a rarrabe. Kwamfuresa, wato na'urar da ke danne wuraren da murya ta yi ƙara, a kan 3:1 ko 4:1, tana danne desibel 3 zuwa 6, kuma kada kamunta ya yi sauri sosai: idan ta cafke farkon kalma, ƙ da ts da ɗ za su dushe, "ƙofa" ta koma "kofa". Haka na'urar rage kaifin "s", wadda ke aiki wajen 5 zuwa 8 kHz. In an matsa mata, "tsoro" da "sara" za su fito kamar mai tsamin baki ne ya faɗe su.

Amsa-kuwwa kaɗan a baiti, a ƙara a amshi. Maimaicin sauti a daidaita shi da kiɗa: raba 60,000 da saurin kiɗan, a bugu 90 zai ba ka milisakan 667, rabinsa 333. Otocun, mai gyara karin murya, a amshi kawai, shi ma a saita shi a makullin kiɗan, in ba haka ba zai riƙa jan murya zuwa inda ba daidai ba, ya kuma ɓata karin kalmomi. Bes ɗin 808 ba ya fita a waya sai an ɗan gurza shi ya samu sauti a sama. A haɗe hagu da dama wuri ɗaya a saurara. Idan amshin ya ɓace ko ya sirance, an faɗaɗa shi fiye da kima.

Wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe na ƙarar waƙa, Spotify kan daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, don haka matse waƙa har ta fashe ba ya ƙara mata komai a can. Amma a WhatsApp da katin waya ba mai daidaitawa, waƙar da ta yi sanyi za ta nutse a cikin sauran. Tsakanin -10 da -9 LUFS, ƙololuwa a -1 dB, matsakaici ne mai kyau. A gwada a waya biyu, a mota, a lasifikar mai shayi. Wanda bai taɓa jin ta ba ya maimaita maka baitin farko. Duk kalmar da ya kasa kamawa, a koma kanta.

A fitar da WAV na asali, MP3 mai 320 don rediyo, MP3 mai 128 don turawa, wanda minti biyu da rabi ba zai kai megabait uku ba, da kiɗan zalla don hawa dandamali. A rubuta sunan waƙa da naka a cikin bayanan fayil ɗin, ba a sunansa kawai ba, domin masu turawa suna canja suna.

Takarda, hoto da bidiyo

Tun ranar ɗauka a rubuta takardar rabo: sunan kowa, abin da ya yi, kasonsa cikin ɗari, sa hannu da kwanan wata. A fayyace ko kuɗin da aka ba furodusa sallama ce ko yana da kaso. A Najeriya haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an naɗi aikin, kuma ana iya shigar da shi a kundin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa don hujja. A Nijar hukumar BNDA ke kula da haƙƙin mawaƙa. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma huruminta ya shafi waƙa da bidiyonta. A je a ji ƙa'idarta kafin a saki, ba bayan an saki ba.

Hoton bango ya zama murabba'i, 3000 sau 3000. Kada a sa wuƙa ko jini, ko da an ja musu jan layi; ido makamin yake gani, ba layin ba. Kwanon tuwo a rufe a bakin ƙofa ya isa.

Bidiyo ya fi komai haɗari. Tara samari talatin a lungu da makaman wasa na iya jawo 'yan sanda ko 'yan ɗaya unguwar cikin minti kaɗan, kuma ba wanda zai tsaya tambaya ko na roba ne. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce. A guji allon titi ko ginin da zai nuna unguwa. Ba fuskar yaro ƙarami sai da yardar iyayensa, ba hoton gawa ko na wanda aka sara na gaske. Faɗan kansa ba sai an nuna shi ba: a nuna kafin, a nuna bayan.

Sakin waƙar

Lokaci na da tasiri. Rikicin daba ya fi tashi a lokacin kamfen da bukukuwan Sallah, don haka waƙar ta riga su da mako biyu ko uku. Ranar 21 ga Satumba ita ce ranar zaman lafiya ta duniya, 2 ga Oktoba kuma ta ƙin tashin hankali, kuma gidajen rediyo kan nemi abin sawa a ranakun.

Audiomack da YouTube kai tsaye ake ɗorawa. Spotify da Apple Music da Boomplay ana bi ta dillali irin DistroKid ko TuneCore, wanda zai ba waƙar lambar shaida ta ISRC. A miƙa mako uku zuwa huɗu kafin ranar. Amma yaron da kake nema ba lallai yana can ba. Yana wurin mai tura waƙoƙi a kasuwar waya, wurin mai cajin waya, gidan kallon ƙwallo, cikin adaidaita sahu, shagon aski. Kai musu ƙaramin MP3 ɗin da ƙafarka, kyauta, ka ce su tura wa kowa. Yanka guntaye uku na daƙiƙa 20 zuwa 30 don TikTok da sitatus, da kalmomin a rubuce a kan allo. Kai ka zaɓi guntayen, kuma kowanne ya zama ko an ji shi shi kaɗai saƙon bai juye ba.

Gidan rediyo a kai musu fayil mai kyau tare da kalmomin a buge a takarda da bayani na layi biyar. Mai gabatar da shiri yana son ya ga abin da zai sa kafin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta tambaye shi. Shirye-shiryen matasa da na rahoton unguwanni sun fi na kiɗa zalla amfani a nan, domin za a ba ka damar magana.

Abu biyu kan biyo bayan fitar irin wannan waƙa. Wani zai ɗora sautinka a kan bidiyon faɗa ko na nuna makami: ka kai rahoto ga manhajar a sauke, kada ka shiga musayar zagi a ƙasan bidiyon, kada kuma ka yi waƙar martani. Sannan ɗan siyasa na iya aiko a saya waƙar ko a gayyace ka ka rera ta a taronsa. Idan ka hau wannan dandamali, rabin garin sun daina jin ka, kuma wataƙila yaran da ke gadin taron su ne waɗanda baitinka na farko ke magana a kansu. Gayyatar makaranta, ƙungiyar unguwa, gasar ƙwallo ta sulhu ko gidan gyaran hali ita ce ta karɓa. Ka tafi da kiɗan zalla a filashi biyu, ka isa da wuri ka gwada makirufo, ka kuma koya wa mutanen wurin amsawar kafin a kunna kiɗa.